Mai Abinci Kafin Gidan Abinci: Cin Abinci a Waje a Ƙasar Haɗejiya

1.0 Gabatarwa

Idan aka tambayi Bafaranshe inda ya karya kumallo, zai ambaci wuri, watau kafe, kalmar da asalinta sunan gahawa ne, daga baya ta zama sunan ɗakin da ake shan ta. Idan kuwa aka yi wa mutumin Haɗejiya wannan tambaya, amsar da zai bayar ita ce, "wajen mai shayi", ko "wajen mai ƙosai". Shi mutum ya ambata. Manufar wannan maƙala ita ce bin diddigin wannan bambanci, domin a nuna cewa a al'adar Bahaushe cin abinci a waje hulɗa ce tsakanin mutum da mutum, kuma harshe ya adana shaidar haka. An zaɓi ƙasar Haɗejiya ne saboda kogi da kasuwa da hanya sun daɗe suna tara mata baƙi, baƙo kuwa shi ne farkon mai cin abinci a waje.

2.0 Matsayin abinci a gida

A bisa al'ada, abinci na gida ne. Magidanci yakan ci tuwon dare a zaure ko a ƙofar gida tare da maƙwabta, kowa a fito masa da akushinsa, a haɗa a ci. Wannan shi ake kira ciyayya, kuma game da irinsa ne masu iya magana kan ce hannu da yawa maganin ƙazamar miya. Ta wannan hanya wanda gidansa ba a ɗora tukunya ba yakan ƙoshi ba tare da asirinsa ya tonu ba. Saboda haka, a ga magidanci zaune a kasuwa yana cin tuwon saye abin kunya ne, don za a ɗauka ko dai ya kasa ciyar da gidansa, ko kuma akwai rashin jituwa tsakaninsa da iyalinsa. Waɗanda al'ada ta ɗauke wa wannan kunya su ne matafiyi da gwauro da tuzuru da almajiri da ɗan ci-rani.

Wannan bai hana cinikin abinci ba. Matan aure na cikin kulle su ne ke dafa fura da ƙosai da waina da ɗanwake da dambu, yara su kai talla. Polly Hill ta kira wannan ɓoyayyen ciniki a nazarin da ta buga a 1969 kan ƙasar Hausa. Abin lura a nan shi ne, a talla abinci ne ke zuwa wajen mai saye, saboda haka kunya ba ta shiga ba.

3.0 Abin da ya tara baƙi a Haɗejiya

Kogin Haɗejiya ya samu ne daga haɗuwar kogin Kano da na Calawa. Bayan ya wuce garin Haɗejiya sai ya bazu cikin fadamu har zuwa Nguru, kafin ruwansa ya haɗu da na kogin Jama'are ya nufi tafkin Cadi. Wannan fadama takan jawo masunta da manoman shinkafa da masu noman rani da Fulani makiyaya, kowa da lokacinsa. Har ila yau, ƙasar tana kan hanyar fatake tsakanin Kano da Barno. A da, falke yakan sauka ne a gidan fatoma, wanda zai ba shi masauki da abinci, ya kuma yi masa dillanci. Kalmar fatoma daga Barbarci aka aro ta, inda fato ke nufin gida, ma kuwa ke nuna mai abu. Ashe ko a kalmar aro ma, mutumin aka ambata, aka bar ɗakin.

Bayan Turawa sun ci Haɗejiya da yaƙi a 1906, sai hanyoyi suka sake. A 1930 hanyar jirgin ƙasa daga Kano ta isa Nguru, ta ratsa ƙasar Haɗejiya ta Malam Madori da Birniwa, cinikin gyaɗa ya bunƙasa. Tasha ta tara leburori da 'yan dako da malaman awo, mutanen da ke da kuɗi a aljihu amma ba su da murhu. Daga baya tashar mota da makarantu da ofisoshi suka ƙara yawan irin waɗannan mutane, musamman bayan kafa Jihar Jigawa a 1991. A nan ne al'amari ya juya, mai saye ya koma shi ke zuwa wajen abinci.

4.0 Masu sana'ar da kalmominsu

Mai tuwo-tuwo mace ce, galibi bazawara ko dattijuwa, wadda kan kafa tukwanenta a rumfa kusa da tasha ko kasuwa. Ma'auninta malmala ce. A ƙasar Haɗejiya tuwon shinkafa da miyar kifi ba abin marmari ba ne kamar yadda yake a garuruwan tudu, domin fadama na ba da shinkafa, kogi kuma na ba da tarwaɗa da karfasa da kurungu, ɗanye da banda.

Mai tsire namiji ne, kuma sana'arsa reshe ce ta fawa, wadda ke ƙarƙashin Sarkin Fawa. Wurinsa tukuba, hajarsa tsire da balangu da kilishi. Kafin a yi ciniki yakan yanko ɗanɗano ya miƙa, bayan an gama kuma ya ƙara gyara. Waɗannan abubuwa biyu ba sa cikin farashi. Alheri ne da ke ɗaure mai saye ya dawo gobe.

Mai shayi shi ne ƙaramin cikinsu a shekaru, kuma kayan aikinsa sun nuna haka. Shayi kalmar Larabci ce, amma tebur da benci da kofi da burodi duk daga Ingilishi suka fito. Sai dai Bahaushe bai tsaya ga aro ba. Shayin da babu madara ya kira shi ruwan bunu, wanda aka cika wa madara kuwa haɗin kauri, sa'an nan ga wainar ƙwai, wadda aka ara wa sunan wainar gargajiya. Tun daga shekarun 1990 taliyar Indomie ta hau teburin ta zauna. Ko burodin ma ya taɓa fadamar Haɗejiya, don a lokacin da gwamnati ta hana shigo da alkama daga waje a 1987, manoman yankin da yawa sun rungumi noman alkama da injin ban-ruwa, har zuwa lokacin da aka ɗage hanin a 1992.

Daga ƙarshe sai ɗaki mai ƙofa da kujeru, wanda aka fara kira otal. Wannan kalma ta ɗauki wani nauyi a kunnen Bahaushe, saboda an alaƙanta ta da giya da zaman banza, shi ya sa masu sana'ar suka fi son a ce gidan abinci. A nan ne kaɗai aka sami sunan wuri tsantsa, amma duk da haka jama'a kan ce gidan abincin Hajiya wance ko na Alhaji wane.

Aron bai tsaya a ɓangare guda ba. Kalmar bukka ta shiga bakin mutanen kudu ta zama buka, watau rumfar sayar da abinci, har ƙamus na Oxford ya shigar da ita a 2020. Haka kuma abin da Bahaushe ke kira tsire, sauran 'yan Nijeriya suya suke ce masa, alhali a Hausa suya aikin soyawa ne.

5.0 Dalilin ambaton mutum

Dalili na farko shi ne amana. Abin da zai shiga ciki ba a karɓarsa daga hannun da ba a sani ba, don haka tsabtar abinci da halaccin yanka suna rataye ne a wuyan mutum sananne. Na biyu shi ne bashi. Ma'aikaci kan ci har ƙarshen wata, manomi kuwa har kaka, ba tare da wata takarda ba sai sanayya. Na uku shi ne hira. Teburin mai shayi ya gaji wani ɓangare na aikin zaure: a nan ake sauraron rediyo, a ji farashin shinkafa da kifi, a yi muhawarar siyasa. Ladubban ciyayya ma sun biyo mutane zuwa can. Wanda aka tarar yana ci zai ce "Bismilla", a amsa masa da "Alhamdu lillahi", kuma sau da yawa babba kan biya wa na ƙasa da shi ba tare da ya faɗa ba.

Sai dai gadon bai cika ba. A zaure marar shi yakan ci, a tebur kuwa sai mai kuɗi ko mai wanda zai biya masa. Mata kuma, waɗanda su ne ke dafa yawancin abincin sayarwa, ba su da wurin zama a bencin mai shayi.

6.0 Kammalawa

An ga yadda cin abinci a waje ya taso daga talla zuwa rumfa da tebur, har zuwa gidan abinci, da yadda harshe ya riƙe mutum a tsakiyar al'amarin. Wannan al'ada kuwa a kan kogi ta dogara. Tun da aka gina madatsar Tiga a 1974 da ta Calawa a 1992, yanayin malalar ruwa a fadama ya sake, ciyawar kacala ta toshe hanyoyin ruwa da dama, abin da ya shafi su da noma. Idan wani kifi ya ɓace daga tukunyar mai tuwo-tuwo, ba da jimawa ba sunansa zai ɓace daga bakin yara. Saboda haka akwai aiki a gaban ɗaliban harshe: a zauna da masunta da mahauta da masu tuwo-tuwo na Haɗejiya da Auyo da Guri da Kiri Kasamma, a tattara sunayen kifaye da na miya da kalmomin ciniki, tun dattawan da suka san su suna raye.