Tsohuwar Massey ko 'yar Japan? Kafin ka zuba kuɗin aya a tarakta

Da an gama kaka, an sayar da aya da riɗi da wake, kuɗi ya ɗan kwanta a hannu, sai maganar tarakta ta taso a majalisu tun daga Gidan Rumji har Gazawa. Ba abin mamaki ba ne. Samarin da ke riƙe hauya sun tafi ci-rani, kuɗin ƙwadago ya hau, a wajen iyakar Sakkwato kuma ɓarayin daji sun sa mai shanun huɗa ba ya barci da ido biyu a rufe. Sabuwar tarakta ta fi ƙarfin mai ƙaramin hali, don haka hankali ke komawa kan ta hannu, wadda muke ce wa okaziyo.

Sau da yawa iri biyu dillali zai nuna maka, kuɗinsu kusa da juna. Ɗaya 'yar ƙarama ce mai sheƙi, Kubota ko Yanmar ko Iseki, ƙarfin doki 15 zuwa 20, ƙafafunta huɗu duka suna ja, jikinta ɗauke da rubutun Japan. Ɗayar tsohuwar Massey Ferguson 135 ce, ja ya koɗe, fitila ɗaya ta fashe, ƙarfin doki wajen 45, ƙafafun baya kaɗai ke ja. Dillali zai dafa ƙaramar ya ce, "Alhaji, wannan ba ta sha wahala ba, dubi agogonta. Mai kuwa sai dai ta lasa." Game da mai bai yi ƙarya ba. Sauran maganar ce ke son bincike.

Ni dai a ganina, kafin ka tambayi ƙarfin inji ko shekarunsa, fara da tambayar wa zai kwance shi in ya tsaya, kuma a ina za a samo abin da ya lalace. Aikin tarakta a gona 'yan makonni ne, daga faɗuwar ruwan shuka, wajen watan Yuni, zuwa lokacin da ƙasa ta rufe. In ta kwanta kwana ashirin a wannan tsakani tana jiran wani ɗan ƙarfe, shekarar ta wuce ka.

A nan tsohuwar Massey ke cin gaba. An ƙera samfurin 135 daga 1964 zuwa 1975, a Ingila da Faransa, da injin Perkins mai fistin uku, kuma an ƙera su da yawan gaske. Jikarta, MF 240, kamfanin Millat na Pakistan ya ci gaba da harhaɗa ta a Lahor da inji na dangin wancan, shi ya sa har gobe ana buga ringi da gasket da famfon ruwa da farantin kulocinta. Bakaniken da ya taɓa kwance Perkins ba ya wuyar samu a Maradi, abin da ya gagara a Maradi kuma ana samunsa a Katsina ko a kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano. 'Yar Japan kuwa don manomin shinkafa na can gida aka yi ta, ba don fitarwa waje ba. Mai sayar da kayan gyara zai juya lambarta sama da ƙasa ya ce maka sai an yi oda. Kuma kar a manta hanyar Ɗan Isa zuwa Jibiya ba kullum take buɗe ba: an rufe iyakar nan daga Agustan 2019 zuwa Afrilun 2022, an sake rufewa a Agustan 2023 har cikin Maris na 2024. Kayan da suke ko'ina, ko an rufe iyaka ba ka rasa su a shagon wani. Waɗanda sai an yi oda, sai dai ka zuba ido.

Ba wai ƙaramar ba ta da abin yabo ba. A rairayin jigawa ja da ƙafa huɗu ba ƙaramin abu ba ne, inda Massey za ta tsaya tana haƙa rami da tayar baya, ita sai ta wuce. Faɗinta bai wuce mita ɗaya da 'yan kai ba, tana shiga tsakanin itatuwa da shingen lambu. Wanda aikinsa garka ce a kwarin Gulbin Maradi wajen Tibiri, ko a Gulbin Kaba ta ɓangaren Gazawa, yana son a farfasa masa ƙasar albasa da tumatir, kuma ya tabbatar da inda zai samu kayanta, to ta isa. Amma gindinta a ƙasa yake, ba ta ƙetare kunya, kuma nauyinta bai fi rabin tan ba sosai, alhali Massey ta kusa tan ɗaya da rabi. Ɗaura wa ƙaramar tirela cike da taki ka gangara da ita kwari, tirelar ce za ta tuƙa ka. Sai kuma sandar nan ta baya mai juyawa, wadda ake haɗa injin sussuka ko na ɓarar gyaɗa da ita. Ƙa'idar da aka saba ita ce juyi 540 a minti da haƙora shida. Wasu 'yan Japan ba su bi wannan ba, har akwai Kubota B6000 da tata sandar ke juyawa ta hagun. Ka je da sandar injin da kake son haɗawa, a gwada a gabanka.

Akwai kuma maganar da dillali ba zai taɓa tayarwa ba, wato ko gonar taka ma tana son tarakta. Mafi yawan ƙasar Agye da Gazawa da arewacin Gidan Rumji jigawa ce. Rairayi ba ya buƙatar huɗa mai zurfi. In aka bi shi da garma mai faranti tun yana bushe, an kwance shi ne aka miƙa wa iskar bazara, ta kwashe ɗan taushin saman ta binne hatsin da ya tsiro. Sannan ga itatuwa. Wannan yanki ne ya yi suna a duniya da sassaben zamani, inda manomi ke barin tohon gawo da kalgo da sabara ya yi musu aski su zama itace. Tony Rinaudo ɗan Ostareliya ya fara yaɗa dabarar a Maradi a 1983, mutanen Ɗan Saga a gundumar Agye suka riƙe ta har da kwamitin tsaro na gari, masu bincike kuma sun ƙiyasta cewa ta farfaɗo da kusan hekta miliyan 5 a jihohin Maradi da Damagaram. Direban haya da ake biya da faɗin gona ba ya son kauce-kauce, kututture abokin gabansa ne, zai ce a tumɓuke. Wanda ya biye masa ya sayar da takin gawo da itacen girkin uwargida don a gama masa huɗa da wuri. Kututturen da ba a tumɓuke ba kuma shi ke fasa faranti da taya.

Saboda haka a jigawa aikin tarakta na gaskiya ya fi yawa a wajen gona: kai taki da rani, kwaso dammuna da kara da harawa, juya injin sussuka, ɗaukar buhunan aya zuwa bakin kwalta ranar kasuwa, jan yashi da bulo. Duk waɗannan ayyukan nauyi ne, shi ya sa ga mafi yawan mutane na fi karkata ga mummunar Massey, in dai cikinta da lafiya.

To ta yaya za a san lafiyar cikin? Kamar yadda ba ka sayen bijimi sai ka buɗe bakinsa, haka ba ka sayen tarakta don fenti. Sabon fenti ma abin tuhuma ne. Je da bakanikenka, wanda kai ka biya shi, ba wanda dillali ya kira ba. Ku je da sassafe, ka fara ɗora tafin hannu a kan injin. In da ɗumi, an riga ku tayar da shi don a ɓoye wahalar tashi, ku ce sai gobe. Inji mai lafiya yana kamawa daga sanyi ba da roƙo ba, ba da turi ba. Da ya tashi, tsaya ka kalli salansa. Baƙin hayaƙi a lokacin da aka taka wuta sau da yawa nozul ne ko matatar iska, gyaransa da sauƙi. Shuɗi na nufin injin yana shan baƙin mai, ringi sun tafi. Fari da ya ƙi ɗaukewa bayan inji ya yi zafi shi ne mafi muni, wataƙila ruwa ke shiga inda bai kamata ba. Tun kafin a tayar, a buɗe murfin lagireto a bar shi a buɗe, in inji ya tashi kumfa na tasowa ɗaya bayan ɗaya, gasket ya ƙone ko kan injin ya tsage. Zaro sandar awon mai ka murza a yatsa biyu: baƙi ba laifi, amma in ya yi kalar shayi mai madara, ruwa ya haɗu da mai. Akwai wani ɗan bututu da ke leƙowa ƙasa a gefen inji, wanda yake numfashi ta nan. Sa hannu a bakinsa. Ɗan huci ba komai, amma in yana feso hayaƙi da ɗigon mai, shirya kuɗin kwance inji gaba ɗaya.

Agogon awoyi kuwa kar ka ba shi amana. Waya ɗaya ake cirewa ya daina ƙirga, ana kuma sauya shi dungurungum. Dubi inda ƙafa ke taka kuloci da birki, in ƙarfen ya sha har ya yi santsi, agogo kuma yana cewa awa 900, ƙarfen ne mai gaskiya.

Daga nan a ɗaura garma a baya a ɗaga ta sama. In tana hawa tana kakkarwa, famfon haidurolik ya gaji. A kashe inji a bar ta a rataye, in ta sauko ƙasa kafin ku gama gaisawa da mai shayi, akwai yoyo a ciki. A shiga kowace giya, a taka birkin dama da na hagu ɗaya-ɗaya, a girgiza tayar gaba a ji ko tana lilo. Kuloci ya cancanci a tsaya a kansa, domin canza shi sai an raba tarakta gida biyu. A sa babbar giya, a danne birki, a saki kuloci a hankali: in inji ya mutu nan take, yana riƙe, in ya ci gaba da gurnani tarakta na tsaye, ya sha. Tayar baya ma a duba gefenta ba samanta kaɗai ba, rana na tsattsaga roba, kuma kuɗin guda biyu sababbi kan rusa duk rangwamen da ka yi ta jayayya a kansa. Mai abu in ya ƙi a kai ta gona a gwada ta awa guda da kaya, ya riga ya ba ka amsa.

Takardu ba su da daɗin magana amma su ke hana kwana a ofishin jandarma. Lambar da aka buga a jikin inji da ta jikin tarakta su yi daidai da ta takardar duwan. In an goge wurin ko an like wani sabon faranti, tashi. A rubuta ciniki, da shaidu, da sa hannun mai gari ko ma'aikatar magajin gari. A kuma tambayi asalinta, domin taraktar da gwamnati ko wani shiri ya ba ƙungiyar manoma, ko wadda aka karɓa bashi ba a gama biya ba, mutum ɗaya ba shi da ikon sayar da ita.

Lissafi kuma ba ya tsayawa a ranar ciniki. A Yulin 2024 gwamnati ta mayar da litar gazuwal daga sefa 668 zuwa 618. Massey in tana aiki mai nauyi takan sha lita biyar zuwa bakwai a awa, ƙaramar kamar biyu zuwa uku, sai dai abin da babbar za ta gama da hantsi ƙaramar sai la'asar. Ƙara baƙin mai da matatu da giris da kuɗin direba. Ƙurar hunturu na cinye inji fiye da aiki, shi ya sa matatar iska ta tsohon yayi, mai ɗan kwanon mai a ƙasa, wadda ake wankewa a mayar, ta fi dacewa da mu. Gazuwal na jarka a bakin hanya, mai ruwa da tsaki, shi ke kashe famfo da nozul, a bar shi ya kwanta a tace kafin a zuba. Wanda ya zuba duk abin da ya mallaka a ciniki bai rage ko jika ɗari na gyaran farko ba, ya sayi abin da kaji za su yi ƙwai a ƙarƙashinsa. Gonakinmu sun tsattsage saboda gado, mai hekta biyu ko uku ba zai taɓa fanshe kuɗin tarakta da gonarsa kaɗai ba, sai da haya ko haɗin gwiwa. In ba ka ga mutum goma da za su kira ka aiki ba, shanu biyu da amalanke sun fi maka, su ko ba komai ana sayar da su da riba bayan shekara uku, takinsu kuma na gonarka.

In ƙungiya ce za ta saya, a yanke tun farko wa ke tuƙi, wa ke riƙe kuɗin gyara, kuma gonar wa za a fara in ruwa ya sauka dare ɗaya a gari duka. A kan wannan na ƙarshen zumunci ke ɓaci.

Tsofaffin taraktocin nan duka biyu yawanci ba su da ƙarfen kariya a saman direba. In za a ja abin da ya kafe, a ɗaura sarƙa a maƙalin ƙasa, kar a ɗaura sama da gatarin tayar baya, in ba haka ba gaba ke tashi ta kife a kan mai tuƙi cikin ƙiftawar ido. Sandar baya mai juyawa ba ta san babbar riga ko bakin rawani ko zanen mace mai tara hatsi ba, a rufe ta, a kashe inji kafin a matsa kusa. Yara kuma a sauke su daga kan murfin taya, ko da kuka za su yi.