Mafayyacin "the" na Ingilishi: asalinsa da yadda ɗalibin Agadas zai riƙe shi

Kundin sake fasalin ƙasa da Nijar ta fitar a watan Maris 2025 ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, Ingilishi da Faransanci kuma harsunan aiki. Wannan ya ƙara wa ɗaliban Jami'ar Agadas dalilin ƙwarewa a Ingilishi, kuma kalmar da ta fi yawan fitowa a rubutunsa, wato "the", tana cikin waɗanda suka fi ba su wuya.

Asalinta nunau ne. Tsohon Ingilishi, kafin shekarar 1100, yana da siga uku: "se" ta namiji, "seo" ta mace, da "þæt" ta jinsi na uku. Sannu a hankali bambancin jinsin ya zube, "the" ta tsaya ita kaɗai, "þæt" kuma ta zama "that". Haka "le" da "la" na Faransanci suka fito daga nunau na Latin, "ille" da "illa".

Aikinta shi ne nuna cewa mai magana da mai sauraro sun san abin da ake nufi. A nan ta yi kusa da madangancin Hausa, -n da -r: "na ga raƙumi" sabon labari ne, "na ga raƙumin" kuwa an riga an san shi. Sai dai Ingilishi ya zarce Hausa, domin yana liƙa ta ga abin da ba shi da na biyu. Bahaushe kan ce "rana ta fito", Ingilishi kuwa sai ya ce "the sun". Tamajak ma ba shi da irin wannan mafayyaci.

Tuntuɓen ya fi zuwa ta hanyar Faransanci. Wanda ya saba da "j'aime le thé" yakan rubuta "I like the tea", alhali in shayi gaba ɗaya ake nufi, "I like tea" ne daidai, kamar yadda Hausa ke cewa "ina son shayi". Haka kuma "le Niger" na nufin ƙasa da kogi, amma a Ingilishi "Niger" ƙasa ce, "the Niger" kogi ne.

Saboda haka, kafin ɗalibi ya rubuta "the" gaban sunan abu gama-gari, ya gwada jimlar da Hausa tukuna. Sau da yawa harshen gida zai fi Faransanci shiryar da shi.