Masu Karanta Fuskar Azurfar Rumawa

Bayan girbi, a gonakin Ingila, za ka ga mutane suna zagaye da na'urar gano ƙarfe. A 2010 ɗaya daga cikinsu, Dave Crisp, ya ci karo da tulu kusa da garin Frome, ɗauke da tsabar kuɗin Rumawa 52,503. Dokar ƙasar ta 1996 ta ce irin wannan tsintuwa sai an kai rahotonta cikin kwana 14. Amma ko guda ɗaya aka tsinta, ba ta da farashi sai ta bi ta hannun mai tantancewa.

Kayan aikinsa ba yawa: madubin ƙara girma, ƙaramin sikeli, fitila, da littattafan Roman Imperial Coinage, waɗanda Harold Mattingly da Edward Sydenham suka soma fitarwa a 1923. Ba ya goge tsabar ta yi ƙyalli. Baƙi-baƙin da shekaru suka shafa mata masu saye na sonsa, gogewa kuwa rage mata daraja take yi.

Fuskar sarkin da ke jikin tsabar yake fara dubawa. Kaurin wuya na Nero ne. Hadiriyan ne ya soma barin cikakken gemu, shi ya sa gemu kaɗai kan yanke wa mutum rabin wahala. Daga nan sai rubutun da ya kewaye kan, wanda duk a taƙaice yake: IMP, AVG, TR P, COS. A nan gwaninta take. Idan aka ga kan Tarajan da COS VI, an san an buga tsabar tsakanin shekara ta 112 da 117 miladiyya, domin a 112 ya riƙe muƙamin da COS ke nufi karo na shida.

Sikeli ma yana magana. Tsabar da ake kira dinariyus, a zamanin Agustus, ya kai kusan giram 3.9, azurfa kusan zalla. A 64 Nero ya rage masa nauyi. A 215 Karakalla ya fito da sabuwar tsaba mai kambin tsinke-tsinke kamar hasken rana, kuma kafin shekara 60 ta cika azurfar cikinta ba ta kai kashi 5 cikin 100 ba.

Babban abokin gabar mai tantancewa jabu ne. Tun zamanin Rumawa akwai masu lulluɓe tagulla da fatar azurfa. Idan fatar ta ɓare, sai ka ga ja ko kore yana leƙowa. 'Yan jabun yau kuwa zuba narkakken ƙarfe suke yi a mazubi, alhali ta gaskiya da guduma aka buga ta tsakanin hatimi biyu. Mai tantancewa kan juya tsabar a gefenta, yana neman siririn layin haɗi da ƙananan ramuka irin na kumfa.

Riba ba kullum take da auki ba. Dinariyus na Saftimiyus Seberus, haifaffen Leptis Magna a Libiya, yana da yawa a kasuwa, fam 'yan gomomi ake sayar da shi. Gidajen gwanjo na ɗora wa mai saye la'adar kusan kashi 20 cikin 100. Ga tsadar littattafai, ga ciwon ido, ga tambayar hukuma kan inda kaya ya fito, domin Italiya da Turkiyya sun tsaurara dokar fitar da kayan tarihi. Dillali mai mutunci kuma yakan ba da tabbacin cewa duk ranar da tsabarsa ta tabbata jabu ce, ko bayan shekaru ne, zai karɓi abinsa ya mayar da kuɗi.