Kafin Ka Kira Dillali, Duba Ƙofofi da Tagogin Gidanka

Mai neman gida ba ya iya leƙa harsashin gini, ba ya ganin wayar wutar da ke cikin bango, sau da yawa ma ba ya hawa saman rufi. Abin da hannunsa ke taɓawa shi ne ƙofa da taga. Idan ya tura ƙyauren farko ya ji yana jan ƙasa, ko ya ga dillali yana kokawa da makulli, daga nan ya fara rage kuɗi a zuciyarsa. Abin da zai rage kuma yakan ninka abin da kafinta ko mai walda zai karɓa, domin ba kuɗin gyaran ƙofar kaɗai yake lissafawa ba, har da tsoron abin da bai gani ba. Shi ya sa nake ganin duk wanda zai sayar da gida a garuruwanmu irin su Kano, Kaduna, Katsina ko Maraɗi, a kan ƙofofi da tagogi ya kamata ya fara kashe ɗan abin da ya tanada.

Fara da zagayawa kamar baƙo. Buɗe kowace ƙofa da kowace taga har ƙarshe, ka rufe, ka sa sakata, ka murɗa makulli. Mazaunin gida ya saba da lagon ƙofarsa, ya san sai an ɗaga ta kaɗan kafin ta shiga, har ya daina ganin hakan a matsayin matsala. Mai saye bai san wannan ba.

Ƙofar ƙarfe daga ƙasa take mutuwa. Ruwan damina da na wanke tsakar gida suna taruwa a gindinta, tsatsa ta ci ta daga ciki, fenti ya kumbura. Kuskuren da aka fi yi shi ne a kira mai fenti ya shafe saman tsatsar haka nan. Kafin wata uku ta sake ɓullowa. Yadda ya dace shi ne a kankare da burushin ƙarfe da samfefa har sai ƙarfen ya fito fes, a shafa jan fentin nan na kare tsatsa, a bari ya bushe, sannan a yi fentin mai sau biyu. Inda ya riga ya huje, mai walda ya yanke wurin ya sa sabon ƙarfe. Kada ka yarda a cike ramin da foti irin na masu gyaran jikin mota, ko da an ce maka ba wanda zai gane.

Ƙofar katako kuwa abokan gabarta biyu ne: gara da sauyin yanayi. Ƙwanƙwasa firam ɗin daga ƙasa zuwa sama. Idan ka ji sauti kamar fanko, ko ka ga siririn layin jar ƙasa yana hawa bango, gara ta shiga, kuma fenti ba ya korar ta. A cire katakon da ta ci, a yi wa wurin magani, sabon da za a sa kuma a shafe shi da maganin katako irin Solignum kafin a kafa. Game da yanayi, katako yakan kumbura da damina ya tsuke da hunturu. Idan ƙofa ta cije a watan Agusta, kada a bar kafinta ya fere ta da yawa, domin a Janairu za ka tarar da giɓin da ƙura da iska za su riƙa shigowa. Sau da yawa ma matsalar a hinji take, kusoshinsa ne suka saki, ɗaurewa kawai suke buƙata.

Kada a ɗura wa makulli baƙin mai. Ƙurar hunturu tana manne masa ta zama taɓo a ciki. Garin bakin fensir ya fi. Idan 'yan haya sun zauna a gidan, a canza kan makullin waje gaba ɗaya, sannan a tara mabuɗan kowane ɗaki a rubuta musu suna.

Tagogi sun fi buƙatar haƙuri fiye da kuɗi. Tagar alminiyam mai zamewa idan ta cije, yawanci ƙura ce ta cika hanyarta, ko ƙananan tayoyin da take gudu a kansu suka cinye. Masu haɗa alminiyam suna canza su ba tare da an cire tagar duka ba. A ƙasan firam ɗin akwai ƙananan ramuka da aka yi don ruwa ya fita waje. In sun toshe, ruwan sai ya koma ciki ya ɓata bango. Duba ƙarƙashin kowace taga ta cikin ɗaki, musamman masu kallon gabas, tunda a ƙasar Hausa hadari mai iska daga gabas ya fi tasowa. Tabon ruwa a nan yana nufin akwai kafa tsakanin firam da bango. A toshe ta da siminti ko silikon tukuna, bango ya bushe, sannan a yi fenti. Gilashin da ya tsage a canza shi, na luba da ya ɓace a cike gurbinsa, ragar sauro da ta yage a sa sabuwa. Waɗannan duk ana samunsu a kasuwar Ƙofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna, katako kuma a 'Yan Katako da ke Na'ibawa a Kano. Bayan haka a wanke gilasai ciki da waje. Ɗaki mai haske yakan fi girma a ido.

Akwai batun da na fi damuwa da shi, ko ana sayar da gida ko ba a sayarwa: ƙarfen da muke sa wa tagogi don ɓarayi. Yawancinsa a kafe yake cikin siminti, babu ta inda zai buɗe. Idan gobara ta tashi ta tare ƙofa, kuma lokacin hunturu ne gobara ta fi yawa, mutanen ɗakin ba su da mafita. Mai walda zai iya mayar da ƙarfen taga ɗaya a kowane ɗakin kwana ya zama mai buɗewa, da kwaɗo ta ciki, mabuɗin a rataye kusa inda babba zai kai hannu cikin duhu. Nuna wa mai saye wannan, mai iyali zai san darajarsa.

Ba na ba da shawarar a cire tagogi masu lafiya don a sa na yayi, ko a sayi ƙofa mai tsada ta Turkiyya saboda kawai a burge masu zuwa. Farashin gida a wurinmu ya fi rataya a kan unguwa, girman fili da ingancin takardu, kuma da yawa daga masu saye suna da nasu tsarin da za su canza bayan sun karɓa. Da wuya kuɗin ya dawo.

Sai dai akwai aibin da ba aikin kafinta ba ne. Idan ka ga tsaga ta tashi daga kusurwar taga ko ƙofa ta tafi a karkace, tana ƙara faɗi, ga ƙofar ta daina shiga firam ɗinta, mai yiwuwa harsashi ne ke zama ko linta ta gaza. Wannan injiniyan gini ake kira ya duba. Shafe tsagar da siminti da fenti ana gobe masu saye za su zo algus ne. A fikihun Malikiyya da ake bi a nan, wanda aka ɓoye wa aibi mai girma a ciniki yana da damar ya mayar da abin, kuma irin wannan rigima takan kai har gaban alƙali bayan an riga an kashe kuɗin. In ba za ka iya gyarawa ba, ka nuna wa mai saye wurin a gaban dillali da shaidu, a rubuta shi cikin takardar ciniki, a yi farashi a kan haka.