Zafin Inji da Zafin Giya a Motocin Kafanchan

Da wuya ka samu motar haya a tashoshin Kafanchan da take yadda kamfani ya ƙera ta. Golf ce, Sharon ce, Sienna ce, kowacce kanikawa sun sa mata hannu. Wata an sauke injinta an ɗora na Beljiyam da ya fi shi ƙarfi, wata an ƙara mata sifirin don ta iya da buhunan citta daga Kwoi ko Kachia, wata kuma an mayar da ita mai shan gas bayan janye tallafin fetur a 2023. Babban inji da ƙarin lodi duk zafi suke ƙarawa, amma lagireto yana nan yadda yake.

Hanyoyinmu kuwa ba sa rufa wa mota asiri. Wanda ya nufi Jos ta Gidan Waya sai ya yi Hawan Kibo: totur a ƙasa, gudu kaɗan, iskar da ke shiga lagireto ba ta taka kara ta karya ba. A nan allurar zafi ke tashi, balle a watan Maris da Afrilu.

Maganin da aka saba yi a gareji sananne ne. Bakanike zai ciro tamostat ya ce, "Oga, wannan don ƙasar sanyi aka yi shi," sannan ya haɗa fanka kai tsaye. A ganina wannan ɓarna ce da ake biyan kuɗin aikinta. An ƙera inji ne ya yi aiki a wajen digiri 90, kuma aikin tamostat shi ne riƙe shi a nan. Idan mota ta yi zafi a kan hawa, ai dama a buɗe yake, cire shi bai ƙara komai ba. Da safiyar hunturu kuwa inji zai daɗe bai ɗumama ba, kwamfuta ta yi ta tura fetur, aljihun direba ya ji a jikinsa. A wasu injinan ma, rashinsa kan bar ruwa ya riƙa zagayawa a cikin inji ba tare da ya bi ta lagireto ba.

Mai laifin yawanci yana gaban idonmu: ruwan rijiya da ya bar tsatsa da datti a ciki, ƙurar hunturu da ta toshe haƙarƙarin lagireto, da murfi. Murfin nan da ake rainawa shi ke danne ruwa ya kai wajen digiri 120 bai tafasa ba. Wanda ya maye gurbinsa da leda da roba, ruwansa zai tafasa tun bai kai 100 ba a tsaunin Jos, mai tsayin sama da mita 1,200.

Inji dai yana da allurar da ke kai ƙararsa. Giyar otomatik a yawancin motocinmu ba ta da ita, shiru take ƙonewa. Man giyar yana bi ta wasu bututu biyu ya shiga lagireto ya huce. To, idan lagireton ya fashe aka sayo na motar manuwal don ya fi arha, babu inda za a ɗaura bututun, sai bakanike ya haɗa bakinsu da guntun tiyo. Motar za ta tafi lafiya lau cikin gari, ko daga kasuwa zuwa Kagoro. Ranar da ta ɗauki lodi ta hau tudu, man da ya kamata ya tsaya tsakanin digiri 80 da 90 sai ya wuce 120, ya fara lalacewa. Zaro sandar awo ka goga a farar takarda. Ja mai haske lafiya ne. Idan ya yi duhu yana ƙauri, giya ta fara cin kanta. Ƙaramin lagireton man giya da ake ɗaurawa a gaba kuɗinsa bai kama ƙafar na sabuwar giya ba. A kan hawa kuma a sauko da giya zuwa 2 ko 3, kada a bar ta tana kai-kawo.

Farantin da ke rufe kan salansa a ƙarƙashin bonet shi ma a daina yar da shi don yana ƙara. Shi ke kare wayoyi da tiyo daga gasuwa, musamman a motar da aka ja wa bututun gas.

Direba, kafin tafiyarka ta gaba zuwa Jos, ka sa bakanike ya nuna maka inda bututun man giyarka suka shiga. In kuma mota ta tafasa a hanya, kada ka taɓa murfin lagireto sai ta huce.