Matsakaicin Awo da Lafiyar Jiki: Inda Suka Haɗu da Inda Suka Rabu

Galibi takardar sakamakon gwaji da ake miƙa wa mara lafiya a asibiti tana ɗauke da lambobi iri biyu, wato abin da aka samu a jikinsa da kuma iyakokin da ake sa ran ya faɗa a tsakaninsu, kuma mutane da yawa suna ɗaukar waɗannan iyakoki tamkar hukunci ne da ke raba mai lafiya da maras ita. Alhali kuwa matsakaici, wato adadin da ake samu idan aka tara awon mutane da yawa aka raba da yawansu, yana bayyana halin da jama'a suke ciki ne kawai, ita kuwa lafiya ana gane ta da yadda jiki yake gudanar da aikinsa ba tare da cutuwa ba.

Tunanin auna ɗan Adam da matsakaici ya samo ƙarfi ne daga Adolphe Quetelet, masanin taurari da ƙididdiga na ƙasar Beljiyam, wanda a littafinsa na 1835 ya gabatar da abin da ya kira matsakaicin mutum. Haka nan digiri 37 da ake cewa shi ne zafin jikin mai lafiya ya fito ne daga aikin Carl Wunderlich, likitan Jamus da ya wallafa sakamakon awon dubban marasa lafiya a 1868, amma wani bincike da aka yi a Jami'ar Maryland ta Amurka a 1992 ya sami matsakaicin 36.8, ya kuma tabbatar da cewa zafin jiki yana yin ƙasa da sassafe ya ɗaga da yamma, sannan yana bambanta daga mutum zuwa mutum.

Iyakokin da ɗakunan gwaji suke bugawa su ma ƙididdiga ce ta haife su, domin galibi ana auna rukunin masu lafiya ne a ɗauki kashi 95 cikin 100 da suke tsakiya, a bar sauran a waje. Ma'anar wannan ita ce mutum ɗaya cikin kowane ashirin masu cikakkiyar lafiya zai fita daga iyaka a gwaji guda, kuma idan aka yi wa mutum gwaje-gwaje ashirin da ba su da alaƙa da juna, yiwuwar aƙalla ɗaya ya fita ta kai kusan kashi 64 cikin 100. Sannan rukunin da aka auna yana da tasiri a kan iyakar. Yawancin mutanen Afirka ta Yamma suna da wata sifa ta gado, wato rashin sinadarin Duffy a jikin jajayen ƙwayoyin jininsu, wadda take ba su kariya daga nau'in zazzaɓin cizon sauro na vivax, take kuma sa adadin wani rukunin fararen ƙwayoyin jini masu yaƙi da cuta ya kasance ƙasa da na Turawa, ba tare da hakan ya raunana garkuwar jikinsu ba. Idan aka auna irin wannan mutum da iyakar da aka samo daga jinin Turawa, za a iya jefa shi cikin fargaba da kashe kuɗin gwaji a banza.

Kuskuren da ya fi wannan haɗari shi ne ɗaukar cuta a matsayin lafiya saboda ta zama ruwan dare. A ƙauyukan da yara suke wanka a tafki da madatsar ruwa, fitsarin jini yakan yawaita har iyaye su ɗauke shi alamar girma ga ɗa namiji, alhali tsargiya ce, cutar da tsutsar ruwa take haddasawa, wadda take lalata mafitsara da ƙoda idan ta daɗe, ga shi kuma maganinta, praziquantel, ba shi da tsada. Binciken lafiya na ƙasa da aka yi a Najeriya a 2018 ya nuna cewa kashi 37 cikin 100 na yara 'yan ƙasa da shekara biyar sun tsumbure, wato tsayinsu bai kai na shekarunsu ba, a arewa maso yamma kuwa adadin ya haura rabi, don haka uwar da take kwatanta ɗanta da 'ya'yan maƙwabta ba za ta ga wata matsala ba. Hawan jini ma haka yake, domin ganin dattawa da yawa sun haura 140 bisa 90 bai rage musu haɗarin shanyewar ɓarin jiki ko ciwon ƙoda ba.

Saboda wannan dalili ne Hukumar Lafiya ta Duniya, lokacin da ta fitar da ma'aunin girman yara a 2006, ta gina shi a kan yaran da aka shayar da nonon uwa kuma suka tashi cikin kulawa mai kyau a ƙasashe shida, wato Ghana da Indiya da Oman da Norway da Brazil da Amurka. An tarar da cewa yaran waɗannan ƙasashe, duk da bambancin launi da asali, suna girma kusan bai ɗaya idan suka sami abinci da kulawa, wanda ya nuna cewa tsumburewa sakamakon rashi ce da za a iya magancewa.

Bayan matsakaicin jama'a da ma'aunin da aka gina a kan waɗanda suka sami kulawa mai kyau, ma'auni na uku, wanda likitoci suke ba muhimmanci ƙwarai, shi ne awon da mutum ya saba da shi a lokacin da yake lafiya. Ɗan tseren da zuciyarsa take bugawa sau 50 a minti yana ƙasa da iyakar 60 zuwa 100 da aka saba faɗa, amma lafiyarsa lau, shi kuwa wanda nauyinsa yake raguwa wata bayan wata ba tare da dalili ba yana buƙatar ganin likita ko da har yanzu yana cikin iyaka. Shi ya sa adana katin awon ciki da katin awon yara da tsofaffin takardun gwaji yake da matuƙar amfani, kuma ya dace mai karɓar sakamako ya tambayi likita abu biyu: shin wannan lamba tana da haɗari ga mai shekarunsa da yanayinsa, kuma shin ta sauya daga yadda take a baya.