Sirrin Kyanwa Mai Launi Uku

'Yan'uwana 'yan makaranta da iyayenmu, muna da wata kyanwa a gida mai dabbare-dabbaren baƙi da ja da fari. Na daɗe ina mamakin yadda kusan duk irinta mata ne, sai da na karanta labarin ƙwayoyin halitta na gane dalili.

A cikin kusan kowace ƙwaya ta jikinmu akwai DNA, watau littafin gado. Idan za a yi aiki da wani sashe nasa, sai a kwafe shi zuwa RNA, ita kuma ta kai saƙo a ƙera furotin. To, amma sashen da ke ba da furotin bai kai kashi 2 cikin 100 ba. Da, wasu sun ɗauka sauran tarkace ne. Ashe daga cikinsa ake kwafo waɗansu dogayen RNA, masu harufa fiye da 200, waɗanda ba su ƙera furotin, aikinsu shi ne su sa wani sashe ya yi aiki ko ya yi shiru.

Ga misali. Mace tana da kuromosom X guda biyu, namiji ɗaya. Da duka biyun za su yi aiki, da abin ya yi yawa. A 1961 Mary Lyon ta Ingila ta bayyana cewa tun a ciki kowace ƙwaya takan kashe ɗaya. A 1991 aka gano mai wannan aiki, wata doguwar RNA mai suna Xist. Takan lulluɓe kuromosom ɗin da ta fito daga cikinsa, sa'an nan ta jawo furotin su ƙudundune shi tamau, har karanta shi ya gagara. Haka yake ga mutum, haka ga kyanwa. Da yake baƙi da ja a kan X suke, wata ƙwaya ta kashe na baƙi, wata na ja, sai fata ta yi dabbare-dabbare.

Wannan ba tatsuniya ba ce. A 2013 masana a Amurka sun sa Xist ta rufe rarar kuromosom na 21 da ke jawo lalurar galahanga, amma a ƙwayoyin ɗakin gwaji kaɗai. Lallai ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido. Nan zan dasa aya.